Ƙofar da Aka Kai Majalisa

A ƙauyen Luhtaranta ba a cewa sanyi ya wuce sai Gwamna ya nutse. Gwamna kuwa mutum-mutumi ne na ciyawa, mai tsohuwar kwat da hula mai rufe kunne, wanda ake zaunarwa a kan duro a tsakiyar tabki da zarar ƙanƙara ta yi ƙarfin ɗaukar mutum. Daga ƙugunsa ake jawo waya har bakin gaɓa, ta shiga ta tagar rumfar jirage, a ɗaure ta a jikin wani agogon bango mai lilo. Ranar da ƙanƙara ta saki, Gwamna ya yi tangaɗi ya faɗa ruwa, waya ta fizgo, agogo ya tsaya. Duk wanda ya canki ranar, nasa ne ƙunshin kofi da bandar kifi, kuma shi zai rubuta kwanan watan da sunansa a bayan ƙofar rumfar, da hannunsa.

Taisto Karhunen ne mai kula da agogon. Ya gaje shi wurin mahaifinsa, ya riƙe shi tun yana raba wasiƙu a keke har ya yi ritaya, yanzu ga shi da shekara saba'in da huɗu. Ba shi da yawan magana, sai dai da Gwamna, wanda yakan kai wa ziyara ya gyara masa hula ya ba shi labarin gari. Ƙofar kuwa ya haddace ta. Can sama, inda rubutun mutanen farko yake, Mayu ne kawai, sha bakwai, ashirin da ɗaya, sha tara. A daidai ƙirjin mutum kwanakin suka fara matsowa farkon wata. Daga gwiwa zuwa ƙasa sai Afrilu ta soma leƙowa, har ta zama ita ce mai gida. In zai duba shekarun baya-bayan nan sai ya durƙusa, kuma tashi ya fi durƙuson wuya.

Shi ya sa bai taɓa shakkar Sirkku ba. Ita ce masaniyar da ke zaune a ƙaramin ɗakin bincike na bakin tabki, ɗakin da majalisar gunduma ta ba masu bincike aro tun kafin a haife ta. Kowace Litinin da Alhamis takan ja ƙarfen huda ƙanƙara ta bi hanyar da ake sharewa a kan tabkin zuwa tsibiri, ta huda wuri shida, ta zura sandar awo, ta zo ta rubuta kaurin a allon da ke ƙofar kanti. Da wannan allon ake buɗe hanya ga manyan motocin gungume, da shi ake rufe ta. Shekara uku a jere allon ya jinkirta buɗewa, ya kuma gaggauta rufewa.

Sai Rauno Vesterinen, shugaban majalisar, wanda jam'iyyarsa ta yi wa masu dajin katako alkawarin hanya har ƙarshen Maris, ya shiga rediyon yankin ya ce lambobin na bogi ne. Ya ce tana rage su ne don ta faranta wa mutanen birni waɗanda ba su taɓa riƙe gatari ba. Ya maimaita a intanet, wasu suka ɗauka suka ƙara gishiri. Aka fasa allon sau biyu. Wani ya cusa mata ruɓaɓɓen kifi a akwatin wasiƙa, abin da ya fi ƙona wa Taisto rai ke nan, don a wurinsa akwatin wasiƙa ba wurin wasa ba ne. Daga nan Rauno ya kawo shawarar a karɓe ɗakin binciken, a daina aiki da awonta.

Aka kira taron jin ra'ayin jama'a a zauren makaranta. Mutum arba'in da biyu suka fito daga Luhtaranta, abin da ko jana'izar tsohon limamin coci ba ta tara ba. Suka zauna a kujerun gaba, ba wanda ya cire kwat, ba wanda ya taɓa kofin da aka ajiye musu, suka rungume hannuwa suka zuba wa Rauno ido har awa ɗaya da rabi. Da ya tambaya ko akwai mai magana, suka ƙara ɗaure fuska. Taisto ya koma gida yana jin sun yi wa Rauno kaca-kaca. A ƙauyensu, in mutum ya zo gidanka ya ƙi shan kofinka, ai an gama magana.

Bayan kwana huɗu yayarsa Aune ta shigo rumfar jirage da takarda a hannu, tana dogara sanda, dusar ƙanƙara a kafaɗunta.

"Kai, sarkin 'yan shiru, sa tabarau ka karanta."

"Karanta mini, Yaya, hannuna da mai."

"To saurara. ‘Jama'a sun halarta da yawa. Babu wanda ya nuna rashin amincewa.’ Ka ji? Mun je mun ba shi goyon baya, mu arba'in da biyu!"

Taisto ya ajiye tsumma a hankali. "Amma ai ba mu sha kofin ba."

"Magatakarda ba ya rubuta kofi, wawan tsoho."

"Ya ga fuskokinmu."

"Fuskarka haka take ran aurenka ma. Wa zai bambance?"

Ya zauna a kan kifaffen kwale-kwale. Agogo na ta lilo. Gajiya ta sauko masa tun daga wuya har tafin ƙafa, irin gajiyar mutumin da ya share dusar ƙofar gida tsaf, ya waiwaya ya ga wata ta sake rufewa. Saura mako biyu majalisa ta kaɗa ƙuri'a, kuma a wannan zaman jama'a sai dai su saurara, doka ba ta ba su baki ba. Inda aka ba su baki sun yi shiru, inda suke son magana an hana su.

Ran Alhamis ya ga Sirkku tana dawowa daga awo, ya kira ta ta ji ɗumin wuta. Ta zauna ba ta ko cire safar hannu ba. Idanunta sun faɗa.

"Nawa yau?" ya tambaya.

"Santimita talatin da ɗaya a mashigar ruwa. Rauno yana so in rubuta hamsin." Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Baba Taisto, na gaji. Ba hudar ke gajiyar da ni ba. In na shiga kanti mutane su sunkuyar da kai, ban san masu jin kunyata ba ne ko masu jin haushina."

"Masu jin kunya ne."

"To su faɗa mana."

Ya nuna mata ƙofar da haɓa. "Wannan fa? Ai abin da kike faɗa shi take faɗa."

"Na sani. Na kwafe ta duka, tana cikin rahotona, shafi na talatin da ɗaya."

"Wa ya karanta?"

"Ni. Da mahaifiyata."

Bayan ta tafi ya daɗe yana kallon ƙofar. Lambobin da ke cikin rahoto na Sirkku ne, kowa na iya cewa ta ƙirƙira. Amma na jikin katakon nan, ga na Elli mai gasa burodi da ke rubuta bakwai kamar ƙugiya, ga na malamin makarantar da ya zana ɗan kifi kusa da sunansa, ga na wani da ya rubuta a buge har layin ya gangara. Ya ɗauko abin kwance ƙusa ya gwada maƙalin ƙofar na sama. Tsatsa ta cinye shi. Ya zuba mai ya bar shi ya kwana.

Ranar zaman majalisa, ƙarfe biyu na rana, aka ga ƙofa tana tafe a kan titi, kwance a kan amalanken ƙanƙara, Taisto na ja, mutum biyar na turawa, Aune a baya tana ba da umarnin da ba mai bi. Sun tsaya hutawa sau uku. A matakalar majalisar sai da aka kira direban motar makaranta ya kama musu. Suka jingina ta a zauren shiga, daidai inda kowane kansila zai bi kafin ya kai wurin rataye kwat.

Kansilolin suka fara zuwa ɗaya-ɗaya. Wata ta tsaya ta sa tabarau, ta nemo sunan kakanta, ta shafa shi da yatsa. Wani ya durƙusa yana bin layin ƙasa. Can sai ga Rauno, jaka a hammata.

"A'a, Kawu Taisto! Ƙaura kake yi? Ko Gwamna ne ya kore ka daga rumfar?"

"Gwamna na gaishe ka," in ji Aune. "Ya ce shi ma ciyawa ce a kansa, amma ya san lokacin da ƙanƙara ke saki."

Aka ɗan yi dariya, irin ta cikin hanci. Rauno ma ya murmusa. "Inna Aune, bakin nan dai bai tsufa ba. Amma kun san yau ba ranar maganarku ba ce. An ba ku dama, ba ku ce komai ba."

"Mun sani," Taisto ya ce. Tunda yake bai taɓa magana a gaban mutum fiye da huɗu ba. "Laifinmu ne. Mun zaci za ka gane. To ga shi da baki: ba mu yarda ba. Yarinyar nan ba ƙarya take yi ba." Ya ɗora yatsa a saman ƙofar. "Nan mahaifiyarka ce, Hilkka. Sau uku ta ci. Sha takwas ga Mayu. Sha huɗu ga Mayu. Na ukun yana nan ƙasa, shekarar da ta rasu, biyu ga Mayu. Ita da kanta ta ce mini, Taisto, tabkin nan ya fara sauri."

Fuskar Rauno ta canza, amma ba ta yi laushi ba. "Mahaifiyata ba masaniyar kimiyya ba ce, Kawu."

"Shi ya sa muka kawo ta. Wa za ka ce ta so ta faranta wa?"

Rauno ya dubi rubutun, ya dubi agogon hannunsa. "Mutum sittin ke cin abinci da gungumen tsibirin nan. Ƙofa ba za ta ciyar da su ba." Ya wuce ciki.

Suka zauna a bencin baya. Wannan karon da aka zo da kofi sun sha, don Aune ta ce ƙin shan bai amfane su da komai ba. An yi ta magana har awa biyu, kan haya, kan gyaran rufi, kan komai ban da ƙanƙara. Da aka zo ƙuri'a, kansilar da ta shafa sunan kakanta ta saɓa wa jam'iyyarta. Bai isa ba. Tara suka ce a karɓe ɗakin, takwas suka ce a'a.

A waje Aune ta dubi ƙofar, ta dubi amalanke. "Ni dai ba zan sake tura wannan abu ba, ko da a ce sunan Hilkka da zinariya aka rubuta."

Ba wanda ke da sauran ƙarfi. Aka bar ta a jingine. Mai shara ya ce shi ba aikinsa ba ne ɗaga ta, magatakarda ya ce ba kayan majalisa ba ce balle a zubar. Ta zauna nan.

Sirkku ta koma birni a ƙarshen Fabrairu. Kafin ta tafi ta kawo ƙarfen huda da sandar awo rumfar jirage, wadda yanzu buhu ne aka rataya mata a madadin ƙofa, ta koya wa mutum tara yadda ake yi: a share dusar sama tukuna, a huda a miƙe, kada a haɗa farar ƙanƙara mai ruɓewa da baƙar mai ƙarfi, kuma a rubuta abin da aka gani ko da bai yi daɗi ba. Aune ta raba kwanaki a bayan tsohuwar kalanda. Duk wanda ya auna sai ya sa sunansa a allon kanti kusa da lambar, ya kuma aika wa Sirkku ta waya. Majalisa ba ta aiki da awonsu, ta ce hanya a buɗe take. Amma wata Alhamis Taisto ya ga direban motar gungume ya tsaya a ƙofar kanti, ya karanta allon, ya karanta sunan da ke ƙasa, wanda sunan surukar direban ne, ya tofar da yawu, ya juya motar ya bi doguwar hanyar gada.

Aikin da wuya. Daga tara suka koma bakwai, don wani bayansa ya riƙe, wata ta ce 'ya'yanta sun hana ta. Taisto yakan huda rami uku ya zauna a kan amalanke yana haki, ya ce wa Gwamna, "Kai ka huta, ba a tambayarka komai sai ka nutse."

Gwamna ya nutse ran ashirin da uku ga Afrilu, ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe. Aune ce ta canka, amma ta ce gwiwarta ba ta durƙuso, ya je ya rubuta mata. Washegari ya ɗauki fensir ya hau motar safe zuwa majalisa. Ƙofar na nan a zauren shiga, har an ajiye tukunyar fure a gefenta. Ya dafa bango ya durƙusa, ya nemi ɗan gurbin da ya rage a ƙasa, ya rubuta kwanan watan da sunan yayarsa.

Da ya zo tashi abin ya gagara. Ya gwada sau biyu. Magatakardan da ya rubuta cewa ba wanda ya nuna rashin amincewa ya fito daga ofis da takardu a hannu, ya gan shi, ya ajiye su ya kama masa hannu.

"Baba, wai yaushe za ku ɗauke ƙofar nan?"

Taisto ya kakkaɓe gwiwa, ya dubi ƙasan katakon. Wurin da ya rage bai fi na shekara huɗu ba.

"In ta cika," ya ce, ya fita neman motar komawa.