Ƙofar Gaba Ko Ta Baya

Makarantar 'yarta ƙofa biyu gare ta, ɗaya a bakin titi, ɗaya a baya kusa da shagon mai walda. Tsohon mijinta ya rantse sai ya ɗauke yarinyar kafin ranar shiga kotu, saura kwana tara. Shugabar makaranta ta hana shi shiga, amma ta gaya mata gaskiya: daga ƙofa zuwa waje ba huruminta ba ne. Barin yarinyar a gida kuwa ba dama, don ita tana shagon wanki da guga har ƙarfe ɗaya. Sauƙin abin dai shi kaɗai ne, ba zai tsare ƙofa biyu ba.

Ran Litinin ta bi ta baya, ta tsira. Ran Talata da aka tashi ta zauna kan benci a farfajiyar makarantar, jakar yarinyar a cinyarta, kanta ya ɗaure. Zai jira ta a baya. A'a, ya san za ta yi wannan tunanin, gaba zai koma. Shekara bakwai suna ɗaki ɗaya, ko tari ta yi ya san na gaske ne ko na ƙarya.

Ta kira yayanta a waya.

"Yaya, duk ƙofar da na zaɓa sai in ga kamar shi ya zaɓa mini."

"Ke dama tun kina ƙarama ba ki iya ɓuya ba. Bayan labule kike tsayawa, ƙafafu a waje. Daina tunani. Nemi murfin kwalba ki jefa sama. Abin da ke kanki ba ki sani ba, ta ina zai san shi?"

"'Yar tawa zan bar wa murfin kwalba?"

"Rabi da rabi ne, ƙanwata. Wayonki ba zai ba ki fiye da haka ba, sai dai ya rage miki."

Ta tsinci murfin lemo a gindin bencin, ta jefa sama. In ya kife, gaba. Ya kife. Ta goya yarinyar, duk da ta wuce goyo, ta fita ta ƙofar titi. Ba kowa sai mai gadi.

Sai da suka tsallaka titi numfashinta ya dawo. Yarinyar ta kwantar da kai a wuyanta.

"Mama, Baba yana ƙofar baya. Na hango shi ta tagar ajinmu, tun ɗazu yake tsaye cikin rana. Na ɗaga masa hannu bai gan ni ba. Gobe mu bi ta can, ko?"

Uwar ta tsaya ta kwance zanin goyon, ta sake ɗaure shi tamau.

"Mama, kin matse ni."