Ranar Da Aka Wanke Tsatsa

Surukina, mijin 'yata, mai gyaran agogo ne, amma shekara huɗu ke nan ba abin da ya sani sai wani jirgin ruwan yaƙi irin na da, da yake haɗawa da katako a tsakiyar falo. Tsawonsa ya kai gado. Kullum yana duƙe da hantsaki yana liƙa 'yan bindigogi kamar tsinken ashana, 'yata ta raɓa ta wuce da tire, ko sannu babu.

Ranar da ya fita sayo gam, ta ce mini, "Inna, dubi jirgin nan duk tsatsa da baƙin hayaƙi. Bari in wanke masa, ko ya dube ni yau."

Ni fa na san da buroshi ya zana tsatsar nan, wata uku cur, don ta taga nake leƙensa. Amma na yi gum, ina son ganin ƙarshen abin.

Ta sa soso da sabulu ta dirje shi tas, ta yi kwalliya ta zauna jira.

Ya shigo ya tsaya cak.

"Baiwar Allah, wa ya aike ki?"

"Ba ka ga ya yi kyau ba, maigida?"

Bai yi faɗa ba. Washegari ya kira kafinta ya raba falon biyu, ya sa kwaɗo. Yanzu tarinsa kawai take ji ta bayan ƙofa. Ni ma ta daina gaishe ni, don bakin nan nawa bai riƙe magana, da kaina na gaya mata na sani.