Hulunan Laka a Gaɓar Yuzhen

A ƙauyen Shatang, duk wanda ka tambaya game da Tan Dequan sai ya fara da tsaki, sannan ya yabe shi. Mai sayen jatan lande a bakin gada yakan ce shekara ashirin yana awo da shi, bai taɓa samun laka ko ciyawa a ƙasan kwandonsa ba, amma kuma bai taɓa ganin haƙorinsa ba. Matan da ke tsince kaya a rumfa su ce Allah ya yi wa Guilan haƙuri, ta auri ma'auni. Ita Guilan ɗin, matarsa, idan zancen ya iso mata sai ta yi dariya ta ce, "Ma'auni ai yana lotsawa gefe. Wannan turmi ne."

Mutum ɗaya ce ba ta kiransa da sunansa, Gong Yuzhen, matar marigayi babban yayansa. Ta shigo gidansu yana ɗan shekara tara, majina har leɓe, ita ta yi masa wanka ta ɗinka masa wandon makaranta. Har yau da yake da furfura da jikoki biyu, Na-uku take ce masa, don shi ne na uku a ɗakinsu.

Bana ruwa ya ɗauke tun farkon bazara. Kwana hamsin ba ɗigo, kogi ya ja baya har ana ganin tsofaffin turakun gada, ruwan kududdufai ya yi zafi kamar na wanka. Jatan lande suka riƙa mutuwa, bakin ruwa ya yi ja da gawarsu. Da gwamnati ta sanar da tallafi ga masu kiwo, sai ta haɗa da sharaɗi: kowane ƙauye ya zaɓi mutum guda da zai zaga ya gani da idonsa, sannan a manna sunaye a allon gaban ofis kwana bakwai, kowa ya karanta. Mutanen Shatang sun san dalili. A tallafin ambaliyar da ta wuce, an biya wani mai kiwon agwagi, an kuma biya wani tsoho da ya shekara uku a kabari.

Ba a ma yi dogon zama ba. Aka ce Dequan.

Jami'ar da aka turo daga gunduma, Malama Shu, yarinya ce mai tabarau da takalmin roba sabo fil. Ta zo da takarda mai cewa a kafa tarkon raga, a auna abin da ya kama.

"Malama, wannan takarda a ofis mai sanyi aka rubuta ta," in ji Dequan. "A wannan zafi ko kududdufin da ya fi kowanne lafiya ba zai ba ki kofi ɗaya ba. Duk sun shige rami."

Ya kai ta gaɓa ya nuna mata. Jatan lande in ruwa ya yi masa zafi, haƙa yake yi a jikin gaɓa har ya tarar da danshi, ya turo laka waje ya toshe bakin ramin da ita, ta yi tudu kamar 'yar hula. Hula ɗaya, rai ɗaya a ƙasa. A yi taku goma a ƙirga. Inda huluna suka yi yawa, kayan suna nan, da an yi ruwa za su fito. Inda babu, an yi asara.

Malama Shu ta rubuta, ta buga wa na gaba da ita waya, aka yarda. Kwana huɗu suna zagaye, shi a gaba hannu a baya, ita a bayansa tana share gumi. An kawo masa taba, an kawo kwalbar giyar shinkafa, wani ma ya ajiye agwagwa a ɗaure a ƙofar gidansa. Guilan ce ta yi ta wahalar mayarwa.

Kududdufin Yuzhen ne na ƙarshe, can bakin kogi. Suka tarar da ita zaune a kan bokiti, da malafa a ka, tana fifita.

"Na-uku, an zama manya," ta ce. "Malama, ki riƙa tuna masa ya sha ruwa, tun yana yaro sai an ɗura masa."

"Yaya, aiki muka zo yi."

"To wa ya riƙe ka?"

Ya yi taku goma. Ya dawo ya sake. Gaɓarta cike take da huluna, sun fi na kowa a ƙauyen, wasu har suna hawa kan juna. Mutane biyar ko shida sun biyo su, suna tsaye daga nesa suna jiran su ga abin da zai yi da matar yayansa. Ya ji idanunsu a ƙeyarsa.

"Kayanki suna nan, Yaya. Ba ki cikin masu asara."

Ta daina fifita. "Sun mutu."

"Ga huluna nan."

"Na ce maka sun mutu. Hancina ya gaya mini."

"Duk ƙauyen nan wari yake yi. Malama, ja layi."

Yuzhen ta miƙe. Ta ɗauki bokitinta ta wuce ta gabansa kamar ta wuce bishiya.

Aka manna sunaye. Mutane suka yi ta yabo: ko matar yayansa bai ɗaga wa ƙafa ba. Shi kuwa abinci ya daina shiga. Kowace Laraba Yuzhen takan aiko da kwanon saiwar bado da ta dafa da ƙashin haƙarƙari, tun ran da ya yi aure. Wannan Larabar kwano bai zo ba. Guilan ta ajiye masa shinkafa da awara, ta ce, "Ɗan Yuzhen ya bugo daga birni. Ya ce in babu tallafi babu kuɗin sabon iri, in babu iri me take jira? Ta ba da hayar kududdufin ta koma wurinsu, a bene hawa na goma sha takwas. Ta ce to."

"Ba ni na yi hulunan ba."

"Na ce kai ka yi? Ci abincinka."

Ran kwana na biyar da manna sunayen, da safe ya bi ta bakin kogi, wai zai duba famfon ban ruwa. Ya same ta tana naɗe tarkunan raga tana ɗaurewa goma-goma, irin ɗaurin mai sayarwa.

"Yaya, ina kwana."

Ta ci gaba da ɗaurinta.

"Wannan ragar sabuwa ce, kada ki bari su yi miki wayo a kanta."

Ta miƙe tana dafa ƙugu, ta dube shi sama da ƙasa. "Naɗe hannun rigarka."

"Me?"

"Kunnen ma ya tafi? Naɗe. Kai da kake ƙirga huluna, ka taɓa ɗaga ɗaya ka gaida mai gidan?"

Ya durƙusa, gwiwa tana ƙara. Ya fasa hula ɗaya ya tura hannu. Har zuwa wuyan hannu laka ce mai ƙarfi. Daga nan sai yatsunsa suka faɗa cikin wani abu mai zubewa, busasshe, mai ɗumi. Yashi. Ya tura har kafaɗa, ya taɓo ƙwanso, ya jawo. Jatan lande ce babba, mace, da ƙwai a ƙarƙashin wutsiya, ta bushe kamar an gasa. Ya fasa ta biyu, ta uku. Wasu ramukan ba kowa a ciki. Wasu gawa.

Ya zauna daɓas a ƙasa. Ai ya san wannan yashin. Shekarar babbar ambaliya, da ruwa ya cinye gaɓar nan, laka ta yi tsada, yayansa ya ce a cike da yashin kogi a shafe sama da laka. Shi da kansa ya yi ta ɗauka a kwanduna biyu a kan gora, har kafaɗarsa ta saɓule, Yuzhen tana shafa masa man ridi. Laka tana riƙe danshi. Yashi ba ya riƙewa. Dabbobin sun haƙa ba su sami ruwa ba, sun fito sun sake haƙawa, sun sake, har ƙarfi ya ƙare. Shi ya sa hulunanta suka fi na kowa yawa.

"Me ya sa ba ki ce mini in haƙa ba tun ranar?"

"A gaban mutane? In roƙe ka? Ni da na goge maka gindi?" Ta koma kan ragarta. "Je ka wanke hannu, kana wari."

Bai tafi gida ba. Ya zuba gawarwakin a leda, ya hau kekensa mai ƙafa uku ya nufi gunduma. A hanya ya lissafa abin da ke jiransa. In ya ce dabararsa tana da kuskure, sai an sauke takardar an sake zagaye, kuɗin da mutane suka sa ran gani jibi zai ja baya. Kuma sunan da zai ce a ƙara, na gidansu ne. Ya rage gudu a kan gada, sannan ya murɗa ya wuce.

Malama Shu ta toshe hanci da ledar ta buɗe. Ta saurare shi har ƙarshe.

"Baba Tan, ka san abin da za a ce."

"Na sani. Shi ya sa nake so a haƙa a gaban kowa. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Akwai gidaje uku a layin kogi da suka yi irin cikon nan, duk na ja musu layi."

Washegari rabin ƙauye ya taru a bakin kogi. Dequan bai taɓa shebur ba, ya ce duk mai shakka ya zaɓi hular da ya ga dama ya haƙa da hannunsa. Mai sayen kaya na bakin gada ne ya fara, ya fito da hannu yana tofar da yawu. Aka sauke takarda. Tallafi ya ƙara kwana goma sha biyu. An yi gunaguni sosai, wani ya ce a gaban idonsa, "Ashe turmin ma yana tsagewa." Dequan ya haɗiye maganar.

A cikin kwanakin nan kullum sai ya je gidan Yuzhen. Ya gyara mata famfo. Ya kwance ɗaurin tarkunan ya rataye su a inuwa. Ya kawo kankana, ya kawo maganin ciwon gwiwa. Tana karɓa ta ajiye, ba ta ce masa zauna. Ɗanta kuma bai fasa zancen turo motar ɗaukarta ba, ya ce ƙarshen wata.

"Yaya, sunanki zai fito. Ki ce masa ya bari."

"Sunana ne zai zauna a ƙauyen ko ni?" ta ce. "Ka maishe ni maƙaryaciya a gaban yaran da na ga haihuwarsu. Famfo ne zai faɗa musu ba haka ba ne?"

Da ya ba Guilan labari, ta ce, "Shekara hamsin tana ciyar da bakin nan naka. Yi amfani da shi mana."

Ran da aka manna sabuwar takarda, gaban ofis ya cika. Masu tabarau suna karanta wa marasa shi, ana dangwala yatsa da jar tawada a teburin Malama Shu. Yuzhen ta zo a makare, sanye da rigar zuwa birni. Ta dangwala, ta goge yatsa a gefen zanen teburin, ta juya.

Dequan ya sha gabanta. Ya cire malafarsa ya riƙe a ƙirji. Ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Matsa, Na-uku, rana tana dukana."

Ya yi maganar a ƙasa-ƙasa, shi kansa da ƙyar ya ji.

"Da gemunka kake zance?" ta ce, ta kara hannu a kunne. "Ni tsohuwa ce, ɗaga murya."

Malama Shu ta ajiye alƙalami. Dequan ya sunkuya har furfurarsa ta kusa taɓa hannun Yuzhen, ya ɗago, ya faɗa yadda na bayan layi ma za su ji:

"Yaya, kin faɗi gaskiya na ƙaryata ki. Na ji tsoron bakin mutane, na fi ƙarfi a kanki don ke tawa ce. Na yi kuskure. Ki yafe mini, kuma don Allah kada ki tafi."