Ƙwallo a Saman Kabad

Aljihunan kabad ɗin ta fara gani. An jawo su ɗaya bayan ɗaya, na ƙasa ya fi kowanne fitowa, kamar matakalar bene. Sai da ta bi su da ido har ƙarshe sannan ta ga ƙafafun ɗanta suna reto a can sama.

Guguwa ake ce masa, shekararsa huɗu. Hannunsa na hagu yana cikin farin filasta mai tauri tun daga hammata har tafi, an rataye shi a wuya da ƙyalle. Na dama kuwa ya rungume jar ƙwallo. Babu hannun da ya rage masa na riƙe komai. Kusa da kansa fanka tana ta juyawa.

Ta so ta yi ihu, ta fasa. Ta san ɗanta. Tsawa ba ta tsayar da shi, gudu take sa shi, a saman kabad kuwa babu wurin gudu sai ƙasa. Ta miƙa hannu baya ta kashe fankar ba tare da ta ɗauke ido daga kansa ba.

"Mama, kin ga na samo ta! Kin ce ta yi tafiya."

"Na gani. Sannu da aiki. Zauna yadda kake, kada ka miƙe, fanka ba ta gama tsayawa ba."

Maganar likita ta dawo mata. Ranar da yaron ya faɗo daga lilo, likitan ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna mata karayar, sama kaɗan da gwiwar hannu. Ya ce an daidaita ƙashin, amma da ƙyar yake zaune. In ya sake faɗuwa ya goce, sai an shiga da shi tiyata an sa masa ƙarfe. Tun daga ranar ta kwashe kujeru da ƙaramin tebur ta kulle a sito. Ƙwallo da igiyar tsalle da duk wani abin da ke sa shi gudu ta jera su a saman kabad, inda ta tabbata hannunsa ba zai kai ba.

"Inna," ta kira, murya a sanyaye kamar mai tambayar gishiri. "Zo ki ga wani abu."

Mahaifiyarta ta iso tana dogara sanda. Da ta ɗaga kai sai leɓɓanta suka fara motsi da salati, amma da ta buɗe baki wasan jika ne ya fito.

"Kai maigida, ka gina bene ba ka gaya wa matarka ba?"

"Kaka, ke ba ki iya hawa. Ƙafarki ta tsufa."

"Kujera, Inna," in ji uwar ƙasa-ƙasa. "Makullin sito yana kan ƙusa, saman ƙofar kicin."

"Can sama? Ni da wane tsawon?"

"Ki zunguro shi da sanda."

Kaka ta juya da irin saurin da gwiwoyinta suka yarda da shi. Guguwa ya leƙo don ya ga fitarta, sai kabad ɗin ya yi ƙara, ƙafafunsa na baya suka ɗan ɗaga daga ƙasa. Uwar ta manna ƙirjinta da shi, ta shiga tura aljihunan da gwiwa a hankali har suka rufe. Ta ɗaga hannu, yatsunta suka tsaya ga dugadugansa kawai.

"Kin rufe mini matakala!" Ya turo baki. "To matsa, zan diro."

"A'a."

"Na iya fa. Matsa ki gani."

Ya muskuta zuwa baki. Daga kicin tana jin sanda tana bugun bango, ƙwas, ƙwas, makulli bai faɗo ba.

"Na san ka iya," ta ce. "Amma ba a dirowa da kaya a hannu. Jefo mini ƙwallon tukuna."

Ya ƙara matse ta a ƙirji. "Za ki ɓoye."

"Ba zan ɓoye ba."

"Haka kika ce ran nan."

Ta dube shi, gumi a goshinsa, ƙura a kan filastar, idanunsa suna auna nisan ƙasa. Kwana da kwanaki ba abin da yake ji daga bakinta sai kada ka hau, kada ka taɓa, zauna. Yanzu ga ta tana neman ya yarda da ita, ba ta da abin nunawa.

"To ji nan," ta ce. "Ƙofar can ita ce raga, ni ce mai tsaron gida. Amma daga zaune ake jefawa. Na san ba za ka ci ni ba."

Idonsa ya yi haske. Ya koma baya kaɗan don ya sami ƙarfi, ya wurgo. Ta ɗaga hannu ɗaya ta bar ƙwallon ta wuce ta saman kanta, ta fice ta ƙofa.

"Na ci! Mama, na ci ki!"

"Ka ci ni sarai. Yanzu kama bakin kabad da hannun nan, kam. Gwani ba ya saukowa sai an zo an ɗauke shi."

Ya kama. Ta ji faɗuwar makulli, ta ji ƙarar ƙofar sito, sannan ƙafafun kujera suna gurzar ƙasa. Kaka ta shigo tana haki, ta ajiye sanda ta dafe kabad ɗin da hannu biyu. Uwar ta hau kujerar. Ta zura hannu ɗaya ta ƙarƙashin cinyoyinsa, ɗaya ta bayansa, ta kwantar da filastar a kafaɗarta kamar tiren ƙwai. Ta sauko da shi, suka zauna a ƙasa.

"Motsa mini yatsun nan."

Ya motsa su duka biyar. Ta danna farcensa ya yi fari, ta saki, jini ya dawo.

"Saura ƙiris garin gyaran gira a rasa ido," in ji Kaka, ta zube a bakin gado. "Kai kuma maigida, na sake ka."

"Ni ma na sake ki."

Uwar ta tashi. Ta sake hawa kujerar ta sauko da igiyar tsalle da motar roba da sauran tarkacen, ta zube su a tsakar ɗaki. Ta ɗauko ƙwallon. Suka zauna a ƙasa suna fuskantar juna, ƙafafu a buɗe, ta gangara masa, ya tare da tafin ƙafa ya maido. Sau uku, sau huɗu, yana dariya.

Can sai ya riƙe ƙwallon, ya karkata kai yana kallon ƙofar kicin.

"Mama, a saman firji fa, me kika ɓoye?"

Kaka ta rufe baki da gefen mayafi. Uwar ta miƙe, ta ɗauki kujerar ta nufi kicin don ta sauko da na can ɗin ma.