Ba a Shiga Sai an Ga Mai Fitowa

Namadi ya kashe mota a bakin hanyar Adabka, bayan wata a-kori-kura da babura shida. Bai ko sauke ƙafa ba, waya ta yi ƙara.

"Baba Namadi, na ga ɗigonka a taswira ya tsaya," in ji Usama, mai rabon aiki a kamfanin kai kayan gaggawa da ke Gusau. "Lafiya?"

"Lafiya lau. Mai fitowa muke jira."

"Wane ne kuma mai fitowa?"

Namadi ya rufe ido. Tun da daji ya lalace da 'yan bindiga, direbobin Bukkuyum suka yi wa kansu doka: ba a shiga hanyar nan da safe sai an ga wani ya fito daga cikinta da ransa da kayansa, ya ce lafiya. Ba gwamnati ta kafa ta ba, shi ya sa ma ake bin ta. Ya yi wa Usama wannan bayani, karo na uku a wata guda.

"Baba, ni taswira ce a gabana. Ta ce minti hamsin. Kayan nan an rubuta ƙarfe sha ɗaya. Kuma ka san sau biyu ka makara. In ka cika na uku, na'ura da kanta za ta cire sunanka, ba ni ba."

"To ba ni na'urar in yi magana da ita."

Usama ya yi 'yar dariya ya kashe.

Ana cewa mai motar kansa ba shi da ubangida. Wanda ya fara faɗar haka bai taɓa sayen taya ba. Namadi ya sayar da fadamarsa ta Gummi ya sayi bas ɗin nan, ya cire kujeru, ya shiga kamfani a matsayin mai zaman kansa. Mai nasa ne, gyara nasa ne, abin da ake miƙawa a shingaye nasa ne, dawowa wayam ma tasa ce. Na kamfani shi ne agogo. In aka cire sunansa kuwa, babu inda zai samu lodi, don manyan 'yan kasuwa duk sun koma waya.

Jatau, tsohon direban a-kori-kurar, ya matso yana ɓare goro.

"Mi yaron ofis ya ce?"

"Wai in shiga."

"Shi ya zo ya shiga mana. Ko fanka ba ta barin shi?" Jatau ya tofar da ɓawo. "Namadi, tun asuba ko kaza ba ta fito ba. Ka san abin da wanga shiru ke nufi."

Ya sani. Ya duba waya: goma saura kwata. Ya duba hanya: jar ƙasa... babu kowa, sai dawa da ta yi tsawo ta rufe gefe biyu. Ya tuna 'ya'yansa mata uku da ke makaranta, ya tuna Inna da maganinta na hawan jini. Ƙarfe goma daidai ya murza makulli.

"Kai! Namadi!" Jatau ya bugi ƙofar motar. "Don katan ashirin?"

Bai waiwaya ba.

Bai taɓa jin ƙarar injinsa haka ba, kamar yana shela. Gonaki a cike da ciyawa, lokacin noma, amma ba ko mutum ɗaya duƙe. A wani kwari ya tarar da sawun babura da yawa sun tsallaka hanya daga daji zuwa daji, ruwan da suka taka bai ma kwanta ba. Gaba kaɗan ga keke a yashe, da buhun gawayi ɗaure a bayansa. Namadi ya taka mota, katan-katan na tsalle, bakinsa na maimaita hasbunallahu har harshe ya bushe.

Sha ɗaya saura minti takwas ya tsaya a ƙofar shagon Hajiya Murjanatu, mai sayar da maganin feshi. Ta fito tana gyara mayafi, ta dube shi, ta dubi hanyar da ya fito.

"Malam Namadi, kai kaɗai? Yau?"

"An ce na gaggawa ne, Hajiya."

"Gaggawar mi? Ni cewa na yi ko Juma'a ya iso ya yi. Su suka ce wai ba su da sauran layi sai na gaggawa, suka ƙara mini kuɗi." Ta tafa hannu. "Ga na wancan satin can ban ko buɗe ba."

Namadi ya jingina da mota. Sai ya ji ana ta tayar da injuna. A bakin tasha, motoci uku da babura da suka kwana suna jira sun gan shi, sun ɗauka mai fitowa ne. Mata na cusa yara ta taga, wani na ɗaure akuya a kan kaya.

Waya ta sake ƙara.

"Ka gani, Baba?" Muryar Usama har da fara'a. "Minti hamsin da biyu! Na nuna wa manaja. Ya ce daga yau da lokacinka za a riƙa auna duk direban da aka tura Adabka, ba sauran zancen jira. Yanzu juyo, akwai kaya a Anka, ƙarfe ɗaya."

Namadi ya sa wayar a aljihu tana ta "Baba? Baba?", ya koma cikin mota, ya ja ta a hankali har bakin tasha, ya gindaya ta a tsakiyar hanya. Ya zare makulli.

Direban da ke gaba ya leƙo. "Malam, hanya fa? Lafiya?"

"Ku kashe," Namadi ya ce. "Ni ban fito ba. Koro ni aka yi."