Baffa Ya Zo Neman Dillanci

Ina tsaye gaban tanda ina jira ta huce, sai Dogo, mai kula da injinan gwaji, ya leƙo ya ce, "Injiniya, wani dattijo na sallama. Wai shi baffanki ne."

Rabona da ƙanin Babana shekara goma sha huɗu. Baba bakanike ne, injinan ban ruwa yake gyarawa, Baffa kuwa shi ke da shagon kayan gyara. Wata shekara manoma suka kawo wa Baba injina kusan talatin, ya sa musu sababbin ringin fistan daga shagon Baffa. Ba a yi wata biyu ba duk suka fara hayaƙi, suka tsaya ana tsakiyar ban ruwa, shuka ta bushe. Ringin jabu ne. Da manoman suka cika ƙofar gareji, Baffa ya tsaya gabansu ya rantse kayansa lafiya lau suke, hannun yayansa ne ya fara rawa. Da kunnena na ji. Baba ya rufe gareji, bai ƙara riƙe sifana ba har ya rasu.

Shi ya sa na karanci ƙarfe. Shekara bakwai na yi a wannan ɗakin gwaji na kamfaninmu ina gauraya garin tangaram da garin ƙarfe, in matse a mazubi, in gasa. In tangaram ya yi yawa, ringin ya fashe kamar kofin shayi. In ƙarfe ya yi yawa, yashi ya cinye shi. Dogo har suna ya sa min, wai mai tuyar da ba a ci. Sai a haɗi na ɗari biyu da sha ɗaya muka samu wanda ya jure.

Ranar da Baffa ya zo ɗin, kamfani ne ya gayyaci dillalan kayan gyara su ga gwajin ringin. Ni na sa aka rubuta sunan Baffa a cikinsu.

Ya shigo yana washe baki. "Auta! Ashe ke ce? Kai, Allah Ya ji ƙan Yaya, da ya ga wannan rana."

"Amin, Baffa. Ina wuni? Bismillah, ga kujera nan gaba."

Ya matso ya rage murya. "Kin san na gida shi ake fara dubawa. Dillancin yankinmu, ki sa baki."

"Bari a gama gwaji tukuna."

Injina biyu ne a kan benci, iri ɗaya, sun yi awa ɗari shida suna aiki muna hura musu yashi ta wajen shan iska. Dogo ya kwance na farko, ya zaro fistan, ya cire ringinmu ya miƙa wa dillalai. Suka yi ta juya shi, wani har da gwada shi da farce. Ko ƙwarzane babu.

Ya kwance na biyu. Ringin ya sirance, gefensa ya yi kaifi, ɗaya ma a hannun Dogo ya karye.

Wani mai farin gemu ya ce, "Subhanallahi! Wannan kuma daga ina?"

Na ɗauko kwalin da ringin ya zo a ciki na aje kan tebur, na juya tambarin shagon ya kalle su. "Watan jiya na aika aka sayo. An ce wa ɗan aikena na asali ne. Baffa, ko ba hatiminka ba ne wannan?"

Baffa ya cire hula, ya mayar.

"Auta, a gaban mutane?"

"A gaban mutane ka yi naka, Baffa. Ka ce hannun Babana ne ke rawa. Wannan injin, Dogo ne ya haɗa shi. Dogo, ɗaga hannunka su gani."

Dogo ya ɗaga, ya shimfiɗa yatsu. Wani ya tuntsire da dariya, ya yi sauri ya toshe baki.

Na ɗauka zan ji tausayinsa in na ga gumi na bin wuyansa. Na duba zuciyata, wallahi ban samu ko ɗigo ba.

Shaguna biyar ne a layin su Baffa. Huɗu suka samu dillanci, har da wanda ke jikin bangonsa. Labarin kwalin kuwa ya riga shi isa kasuwa.

Bayan sati Umma ta kira ni. Ta ce Baffa ya buga mata waya, yana cewa ta ja min kunne, na tozarta shi, na yanke zumunci.

Na ce, "To me kika ce masa, Umma?"

"Na ce ba na jinsa sosai, layin ba kyau. Sau uku yana maimaitawa." Sai ta ƙara da cewa, "Ke, wai da gaske a hannun mutumin ya karye?"

"Gida biyu, Umma."

"To fara min daga shigowarsa. Kar ki tsallake komai."