Gungumen Meirion

Matar yayana, Tegwen, mace ce mai taurin kai, kuma ba a bayan idonta nake faɗa ba, ta sha ji daga bakina. Tun rasuwar yayana muke zaune ƙofa na kallon ƙofa a bakin mashigin teku na Menai, kuma da wuya shayi ya huce ba mu yi faɗa ba.

Ɗa ɗaya Allah ya ba ta, Meirion. Shi kaɗai ne yaron ƙauyenmu da ya taɓa shiga Dattijo. Dattijo tsohon jirgin yaƙi ne na katako, tun na zamanin kakanni, da aka ɗaure a mashigin aka mai da shi makarantar koyon aikin jirgi. Yana da sunansa na takarda, amma mu ba mu taɓa kiransa da shi ba. 'Ya'yan masu hali ne daga Ingila suka cika shi, Meirion kuwa ƙwaƙwalwarsa ce ta kai shi. Ya gama, ya sami aiki a jirgin kaya, yaƙi ya zo, aka nutsar da su a tsakiyar teku. Ba gawa, ba kabari, ko hularsa ba a kawo wa uwarsa ba.

Akwai wata 'yar gaɓa a ƙasan gidajenmu da muke kira Gaɓar Tsintuwa, don duk abin da mashigin ya ƙwace can yake amayar da shi, ko filafili ne, ko takalmi, ko tunkiyar da ta zamo daga tudu. Tun ranar da labarin Meirion ya zo, Tegwen ba ta fasa zuwa gaɓar nan da sassafe ba, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Abin yana ci mini rai, na yi magana har na gaji.

"Yaya, inda yaron nan ya nutse, ko jirgi sai ya yi kwanaki kafin ya kai. Me kike nema a nan?"

"Ruwa ai ɗaya ne, Eluned. Ke dai je ki duba burodinki, ina jin ƙauri."

Shekaru bayan yaƙi aka ce za a kai Dattijo gyara. Aka sauke ɗalibai, ƙananan jirage suka ja shi zuwa matsatsin da ke tsakanin gadoji biyu. Wurin nan ba ya wucuwa sai ruwa ya numfasa, wato ɗan lokacin da ya gama cikowa bai fara janyewa ba. Suka makara kaɗan. Ruwa ya juyo, igiya ta tsinke, Dattijo ya hau duwatsu. Muna tsaye a tudu da ruwa ya janye muka ji bayansa ya karye, manyan maza suka cire huluna. Daga baya aka sayar da shi ga masu farfasa tsofaffin jirage.

A jirgin nan akwai al'ada, duk yaron da ya gama sai ya sassaƙa sunansa da wuƙa a gungumen da ke saman makwancinsa. Meirion ya taɓa gaya wa uwarsa nasa yana kusa da tsanin gaba, kuma ya zana ɗan kifi a ƙasa, irin wanda ubansa ke sa wa filafilansa.

"Ba zan zauna a dafa wa wani shayi da sunan ɗana ba," in ji Tegwen. Ta ɗaura ɗankwali ta tafi wurin shugaban masu farfasawa.

Mutumin kirki ne, ya saurare ta har ƙarshe. Ya ce, "Uwa, ranar Litinin za mu sa gatari a gaban jirgin. Ranar Lahadi kuwa ba na nan, kuma maigadina idonsa ba shi da kyau."

Nan fa ake yin ta. A ƙauyenmu ko shanya ba a yi ranar Lahadi, balle a taɓa zarto. Tegwen kuwa tun da aka kawo ta ba ta taɓa fashin coci ba, ita ce ma mai hararar masu zuwa a makare. Na ce mata, "To, uwar masu tsarki, yanzu ya ke nan?"

"Wanda ya yi Lahadi shi ya ba ni ɗan. Za mu yi magana da shi daga baya."

Ba ta tsaya nan ba. Matar da ko gefen gidan giya ba ta bi, ta shiga har ciki ta ari gangunan giya biyu marasa komai wurin Dilwyn, mai gidan, don gungumen ya sami abin da zai taso da shi. An ce mashaya sun ɓoye kofunansu a bayansu kamar yara. Sannan ta ɗauko Idwal Zarto, kafintan da ya nemi aurena ina budurwa na ƙi, wanda har yau bai yafe ba, bai kuma daina zuwa cin burodina ba.

Da safiyar Lahadi, da ruwa ya gama janyewa ya lafa, muka tura kwalekwalen yayana. Ni da Tegwen muna tuƙi, Idwal na zaune a baya rungume da zarto yana ba da umurni.

"Ja da ƙarfi mana, Eluned! Da ni kika aura da yanzu kin iya tuƙi."

"Da kai na aura da tuni na faɗa ruwa da kaina."

Muka ɗaure a jikin Dattijo muka hau. Cikinsa ya karkace, ko'ina santsi da warin ruɓaɓɓen katako. Gungumen da ke kusa da tsanin gaba cike yake da sunayen 'ya'yan mutane, wasu har sun shafe. Tegwen ba ta karanta ko ɗaya ba, yatsa ta riƙa bi da shi har ya faɗa cikin ɗan kifin. Ta tsaya, ta jingina goshinta a wurin. Ni kam kuka na yi, ba na ɓoyewa, Idwal kuma ya hau duba haƙoran zartonsa kamar yau ya fara ganinsu.

Ya so ya yanko ɗan wurin sunan kawai, abin da za a sa a aljihu. Tegwen ta ce, "Waɗannan na gefensa fa, ba su da iyaye? Yanko shi da abokansa."

Tsohon itacen nan ya yi taurin ƙarfe. Muka yi ta karɓa-karɓa da zarto har hannuna ya yi kanta, rana ta yi tsaka ta wuce. Kafin mu jawo gungumen, wanda ya kai tsawon mutum, mu zura shi ruwa, mu ɗaure masa gangunan nan, ruwa ya cika ya numfasa, har ya fara juyawa. Kuskuren da ya kashe Dattijo shi muka maimaita a gindinsa.

Muna barin jikin jirgin ruwa ya kama gungumen. Maimakon mu ja shi, shi ya riƙa janmu, a karkace, zuwa duwatsun da ruwa ke juyi a tsakaninsu. Kwalekwale ya fara shan ruwa ta baya.

"Sake shi, Tegwen!" Idwal ya yi ihu. "Zai kashe mu!"

Ta yar da filafili ta damƙe igiyar da hannu biyu. "Ba zan ba shi ba. Sau biyu? Ba zan ba shi ba!"

Tsoro ya kama ni, amma haushi ya fi tsoron. Na ce, "Yaya, shekara nawa kina gaya mini duk abin da ruwa ya ɗauka yana kai shi Gaɓar Tsintuwa? Ko dama tatsuniya kike yi mini?"

Ta dube ni kamar ta mare ni. Sannan ta miƙa hannu, Idwal ya sa mata wuƙarsa. Ta sunkuya ta yi wa ruwan magana yadda take yi wa mai kanti idan ya tauye mata awo.

"Ka san gidana. Na ba ka amana, kuma ina jira."

Ta yanke igiyar. Gungumen ya yi gaba, ya juya, ya nutse, ganguna suka ɓullo can nesa, suka sha kwana muka daina ganinsu. Mu kuma da ƙyar da jiɓin goshi muka kai gaɓa mafi kusa. Muka bar kwalekwalen nan muka tako gida a jiƙe.

Gaɓar Tsintuwa ba kowa, ba komai. Tegwen ta tsaya inda ta saba tsayawa. Can aka tashi daga cocin yamma, jama'a suka hango mu daga hanya, suka gangaro cikin kayan Lahadi, har da fasto. Na gyara tsayuwa, don na riga na shirya amsar da zan ba duk wanda ya kawo mana wa'azi. Ba wanda ya yi. Suka jeru a bayanta suna kallon ruwa.

Ganga ɗaya ta iso ita kaɗai, da guntuwar igiya tana reto. Wata mata ta fara cewa, "Allah Sarki, ai da ma..." sai Tegwen ta ɗaga hannu ba tare da ta waiwayo ba, matar ta haɗiye sauran.

Dilwyn ne ya fara hangowa. Shi da ba ya zuwa coci, ya biyo sahu ne don gangunansa. "Ga ɗayar can! Kai, ba ita kaɗai ba ce, tana jan wani abu!"

Yana tafe a hankali, baƙi, rabinsa a nutse, ruwa na turo shi yana ja da baya. Fasto ne ya fara shiga, da takalminsa da komai, maza suka bi shi har ƙugu. Suka ɗago gungumen a kafaɗa yadda ake ɗaukar mamaci, suka fito da shi. Wani ya ɗauko waƙar coci, kowa ya amsa, muryar maza a ƙasa ta mata a sama, har aka ce an ji mu a ɗaya gaɓar. Tegwen ta share ciyawar ruwan da ta manne a sunan da gefen ɗankwalinta, ta ɗaga kai ta shiga waƙar, muryarta ta fi ta kowa.

Aka kai shi coci a ranar, aka jingina shi a bangon da ke kusa da kujerarta. Dilwyn ya mirgina gangunansa gida yana cewa ba su taɓa ɗaukar abu mai daraja haka ba.

Washegari na tashi da sassafe na leƙa taga, kamar kullum, don in ga wucewarta. Ba ta wuce ba. Hankalina ya tashi, na tsallaka da gudu na tura ƙofarta. Na same ta zaune a bakin murhu, ƙafa a miƙe, tana shafa wa burodi man shanu.

"Yaya, lafiya? Yau ba ki je gaɓa ba."

"In je neman me?" in ji ta. "Zauna ki sha shayi, Eluned. Yaron ya dawo gida."